Amsar Tambaya: Baƙin Man Mota a Cikin Babur

Tambaya: Da kaina nake yi wa babur ɗina Bajaj Boxer juyen baƙin mai a gida. Zan iya zuba masa ragowar na mota?

Amsa: Malam, juye a gida abu ne mai kyau, amma ka bar wa mota nata. A irin wannan babur, mai ɗaya ne ke zagaya inji da giya da kuloci, faifan kulocin ma a cikinsa yake jiƙe. Man mota na zamani kuwa, da yawansa an sa masa sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, kuma santsin nan ke sa kuloci zamewa: ka ba shi wuta, inji na kuka, babur ya ƙi ja, musamman a hawa da kaya.

Za ka ce maƙwabcinka ya daɗe yana yi lafiya lau. Mai yiwuwa ne, don ba kowane man mota ke da sinadarin ba, kuma ɓarnar a hankali take zuwa. Ranar da ta fito fili, kuɗin faifai da na bakanike za su cinye tsimin. Man da babur ɗin ke buƙata kusan lita ɗaya ce fa kacal. Sayi mai tambarin 4T da JASO MA a jikin robar, ka juye tsohon tun inji na da ɗumi.