Barcin Mai Wankin Ƙoda

Mai wankin ƙoda daga Jangeru yakan yi sammako, ya bi ta Ƙauran Namoda zuwa Gusau, ya shafe awa 4 jikin na'ura, ya dawo a gajiye, amma dare ya yi barci ya ƙi zuwa. Wannan yana da dalilai, kuma yawancinsu suna da magani.

Ruwan da ya taru a jiki shi ke toshe numfashi idan an kwanta. Ku rage gishiri da dunƙulen miya, don su ke jawo ƙishirwa, ku tsaya kan adadin ruwan da likita ya ƙayyade, ku ɗaga kai da matashi biyu. Ƙaiƙayin dare kuwa, a shafa man kaɗanya bayan wanka, a nemi a auna sinadarin fosfet. Ƙafafun da ba sa natsuwa sai an motsa su sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jini. Ku faɗa wa likita.

Goro da shayi, a bar su daga Azahar. Gyangyaɗin rana kada ya wuce rabin awa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayar barci ta kemis da jiƙe-jiƙe. Ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da wasu daga cikinsu. Don Allah, 'yan uwa, kada ku ba majinyaci komai sai da sanin likitansa.