Yadda ake farautar bairos a cikin fumfunar masara

Idan ruwan ƙarshen damina ya riski girbi a Bakori ko Ƙafur, aka ɗura masara a buhu ba ta gama bushewa ba, sai ta yi fumfuna tsanwa-tsanwa. Masana na kiranta Aspergillus flavus, ita ke fitar da gubar aflatoksin mai lalata hanta. To ita ma fumfunar tana kamuwa da bairos. Michael Hollings ne ya fara ganin irinsa a Ingila a 1962, a jikin naman kaza.

Da farko ana ɗebo ƙwayoyin masarar, a wanke bayansu da ruwan bilic, a ɗora kan daskararren abincin da aka haɗa da ruwan dankali da sukari. Bayan 'yan kwanaki fumfunar ta tsiro, sai a ware tsiro guda a raine shi shi kaɗai. Wanda ya tsumbure, ko launinsa ya koɗe, shi ake fara zargi, ko da yake yawancin masu ɗauke da bairos lafiyarsu lau a ido.

Sai a daskarar da fumfunar da ruwan naitrojin, a niƙe, a tace RNA mai igiya biyu. Nan dabarar take: fumfuna ba ta kan yi dogon irin wannan da kanta, ganinsa alama ce akwai baƙo. Na'ura ta karanta jerin haruffansa, a gwada da na rumbun GenBank, musamman sashen da bairos ke hayayyafa da shi. Kamannin ne ke nuna danginsa, misali Partitiviridae. In sabo ne, kwamitin ICTV, wanda aka kafa a 1966, shi ke tabbatar da sunan jinsinsa.

Abin da ya shafi manomi yana gaba: a raba fumfunar da bairos ɗin, a auna gubar mai shi da marar shi. Fatan shi ne ya rage gubar, domin a Turai wani bairos ya raunana fumfunar da ke jawo cutar itacen cesnat. Amma kada mu yi saurin murna. Galibin waɗannan bairos ba sa tsallakawa sai zaren fumfuna biyu sun haɗe, kuma dangogin flavus da yawa ba sa haɗuwa da juna. A yanzu abin da ke hannu shi ne Aflasafe na cibiyar IITA ta Ibadan, dawa mai ɗauke da fumfuna marar guba, kilo 10 a hekta.