Yadda ake auna hawan jini a gida

Daga Tsohon Birnin Gwari zuwa babban asibiti a sabon gari tafiya ce, balle ga mutumin Kuyello ko Dogon Dawa. Shi ya sa na'urar awon jini ta shiga kemis-kemis da gidaje, kuma na ji daɗin haka. Sai dai yawancin awon da nake gani ana yi ɓarnar batir ce kawai.

Fara da sanin abin da kake aunawa. Zuciya ɗaki 4 gare ta. Ɓangaren dama yana tura jini huhu ya ɗebo iska, na hagu ya harba shi cikin jijiyoyi har tafin ƙafa. Kamar injin ban-ruwa ne a fadama: in tiyo ya ƙuntace, injin ne ke shan wahala. Lambar sama a na'ura ita ce ƙarfin jini lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki tana cika. Ta ukun bugun zuciya ne a minti, 60 zuwa 100 ga babba mai hutawa.

Na'urar kuwa, sayi ta damtse, kada ka sayi ta wuyan hannu komai arharta. Ni ta kamfanin Omron na fi yarda da ita. Kuɗinta ya ɗan yi sama yanzu, amma gida uku ma sa iya haɗawa su saya.

Rabin awa kafin awo, ba goro, ba shayi, ba taba. Ka yi fitsari. Ka zauna minti 5 shiru, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba. Wanda ya sauko daga babur yanzu ko ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa, ya huta tukuna.

To, ga inda ake ɓata aikin: maɗaurin. A kan fata ake ɗaura shi, ba a kan riga ba. Kada kuma ka naɗe hannun riga sama har ya shaƙe damtse, cire ta gaba ɗaya ya fi. Bakin maɗaurin ya tsaya kamar faɗin yatsu biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu, robar iskar ta bi ta cikin hannu, wajen da jijiya ke harbawa. Ka ɗaure yadda yatsu biyu za su shiga da ƙyar.

Sannan girma. Maɗaurin da ke zuwa cikin kwali ba ya isar mai kaurin damtse, kuma ƙaramin maɗauri ƙara lamba yake yi. Na sha ganin hajiya mai jiki ta fito daga kemis hankali a tashe, alhali maɗaurin ne ya yi mata kaɗan. Nemi babba. Hannun kuma a ɗora shi kan tebur ko matashi daidai da ƙirji, domin in ya yi lilo ƙasa lamba hawa take yi. In na'ura ta fara hurawa, a daina gaisuwa har ta gama.

Auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, safe da yamma, har mako guda. Rubuta a littafi da kwanan wata, littafin za ka kai wa likita. Ƙasa da 120/80 lafiya lau. In 140/90 ko sama yana ta maimaituwa, je asibiti ko da ba ka jin komai. Masu cewa "ai kaina ba ya ciwo" su ne ake kawowa ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta lalace.

In an ɗora ka kan magani, kada ka daina don lamba ta sauko, maganin ne ya saukar da ita. Rage gishiri da magi a miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Ka kiyayi diclofenac da ibuprofen da manoma ke haɗiya kullum don ciwon jiki, suna ɗaga jini.

In ka ga 180/120 tare da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki ko nauyin harshe, a nemi mota nan take. Mai juna biyu kuwa, da ta kai 140/90, musamman da kumburin fuska ko gani dishi-dishi, a kai ta asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙo.