Amsoshin Wasiƙunku: Bayan Likita Ya Ce An Gama

 A cikin wasiƙun da suka iso mu a wannan mako akwai guda uku waɗanda, ko da yake garuruwansu sun yi nisa da juna, mas'ala ɗaya ce ta hana marubutansu barci, wato halin da mutum yake shiga bayan an yi masa maganin ciwon daji, an sallame shi, ya koma cikin iyalinsa.

Ta farko daga Funtuwa take. Wata baiwar Allah ta ce shekara biyu ke nan da aka cire mata nono, aka yi mata ƙarin ruwan magani da gashin na'ura, likita ya ce ba ya ganin sauran ciwo, amma har yau ba a daina rubuta mata ranar dawowa ba, har maigidanta ya fara cewa wanda ya warke me zai je nema a asibiti. Tana tambaya ko akwai abin da aka ɓoye mata.

Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya, ba a ɓoye miki kome ba. Abin da likita yake nufi shi ne, da idonsa da hannunsa da na'urorinsa bai sami ciwon ba. Amma ƙwayoyin daji ƙanana ne matuƙa, ta yadda wasunsu kan iya sulalewa ta hanyar jini tun kafin ranar aiki, su laɓe a ƙashi ko hanta ko huhu, babu hoton da zai nuna su. Manomanmu sun san wuta-wuta, wadda irinta kan kwanta cikin ƙasa shekara da shekaru gona na fes, sai wata damina a ga ta tsiro a gindin dawa. Mata da yawa ciwon ba ya dawo musu har abada, muna roƙon Allah ya sa kina cikinsu. Sai dai idan ya dawo a wurin tabon aikin, ko a hammata, ko ya tsiro a ɗaya nonon, to wanda aka riska yana ƙarami ana iya sake cire shi da fatar warkewa, wanda kuwa aka bari ya ƙasaita sha'aninsa dabam ne. Saboda haka ne likitoci suka tsara a duba mace kowane wata 3 zuwa 6 a shekara uku na farko, sa'an nan kowane wata 6 zuwa 12 har a cika shekara biyar, daga nan sau ɗaya a shekara, tare da hoton nono na shekara-shekara.

Kada kuma ki jira ranar da aka rubuta in kin ga wani abu a tsakani, domin sau da yawa mai jikin ce take fara lura kafin likita. Ƙullutu a kusa da tabo, kaluluwa a hammata ko gindin wuya, ciwon baya ko na ƙashi wanda ya ƙi tafiya har yana tashe ki da dare, tarin da ya wuce mako biyu ko uku, haki, rama ba dalili, ido ya yi rawaya, ciwon kai mai naci haɗe da amai: ko wanne daga ciki kika gani, ki koma wurin waɗanda suka yi miki aiki, kada ki bari a tsaga, kada ki ɓata watanni ana shafe-shafe. In an ɗora ki a kan ƙwayar tamoksifen, wadda akan sha shekara 5 har zuwa 10, ki riƙe ta da kyau ko da kina jin garau, don wani babban bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa irin dajin nonon da ake ba wa wannan magani yana iya waiwayowa ko bayan shekara ashirin. Shi kuwa maigida, Alhaji, ina roƙonka da girman zumunci ka lissafa kuɗin motar nan cikin kuɗin magani, ka kuma raka ta in ka sami hali.

Wasiƙa ta biyu wani saurayi ne ya aiko daga Maraɗi, kuma na karanta ta da tausayi ƙwarai. Mahaifiyarsa ma dajin nono aka yi mata magani, shi kuwa ya ƙudurta sayar da gonar gado domin a riƙa ɗaukar hoton jikinta duka kowane wata uku. Samari, Allah ya yi maka albarka bisa wannan birrul walidaini, amma ka dakata da cinikin gonar. An riga an jarraba abin da kake nufin yi. A ƙasar Italiya an gudanar da bincike biyu, aka buga sakamakonsu a 1994, inda aka raba mata sama da 2,500 gida biyu, wasu ana yi musu hoton ƙirji da na ƙashi a kai a kai, wasu kuwa duban likita da hoton nono kaɗai. Da aka zo lissafi, sai aka tarar yawan hotunan bai ƙara wa kowa tsawon rai ba. Dalili shi ne, dajin nono in ya riga ya kai ƙashi ko huhu, maganinsa na sassautawa ne da jan kwana, kuma ganinsa wata biyu ko uku kafin ya nuna alama bai cika canza inda al'amarin zai tsaya ba. Haka aka samu a wani bincike da aka buga a 2010 game da dajin ƙwan mahaifa, inda matan da aka fara wa magani da zarar gwajin jini ya tashi suka riga sauran shan wahalar magani da kusan wata biyar, ba tare da sun fi su daɗewa ba. Akwai wani sabon gwajin jini mai farautar ɓurɓushin ƙwayoyin daji, wanda kan iya riga hoto da watanni, sai dai yana da tsada kuma masana suna kan nazarin fa'idarsa. Ka adana dukiyar nan don zirga-zirgar asibiti da abinci mai kyau da ranar da likita da kansa zai nemi hoto bisa dalili.

Ta uku daga wani dattijo ce a Zangon Kumasi, wanda aka yanke masa wani sashe na babban hanji bara. Ya ce shi ya miƙa al'amarinsa ga Ubangiji, in ajali ya zo gwajin jini ba zai kore shi ba, don haka bai ga amfanin sanin abin da zai ɗaga masa hankali ba. Baba, maganarka ta farko haƙƙun ce, babu mai jayayya da ita; amma kai ka fi ni sanin cewa malamanmu ba su taɓa raba tawakkali da riƙon sababi ba, kuma lafiyar jiki amana ce da za a tambaye mu. Ciwonka kuma yana cikin waɗanda sa ido ya fi amfani a kansu, domin dajin hanji in zai dawo galibi cikin shekara uku na farko yake dawowa, sau da yawa a hanta ko huhu, kuma in aka same shi ɗan guntu a wuri ɗaya, likitan fiɗa yana iya yanke wurin mutum ya rayu shekaru lafiya lau. Gwajin jinin da ake kira CEA, wanda akan yi kowane wata 3 zuwa 6, da hoton ciki da ƙirji, da leƙa hanji da na'ura bayan shekara guda da aiki, su ne hanyar riskarsa a wannan hali. Wani bincike a asibitocin Ingila, wanda ya fito a 2014, ya nuna masu yin gwajin jinin ko hoton sun ninka sauran kusan sau uku wajen samun damar sake aiki da niyyar warkarwa, ko da yake bambancin yawan mace-mace tsakanin ɓangarorin bai fito fili ba. Ni dai a ra'ayina, damar da ba ta wuce tsinin allura a hannu sau biyu ko huɗu a shekara ba, bai kamata dattijo mai jikoki ya bar ta ta wuce shi ba.

Ku duka ukun ina da roƙo guda. Ku nemi takardar sakamakon naman da aka yanka aka auna, da sunan magungunan da aka yi muku ƙari da adadinsu, da takardar gashi, ku sa a jaka ɗaya ku ajiye inda ruwa da gara ba za su kai ba, ku ɗauki hotonsu a wayar wani amintacce cikin 'ya'yanku. Mutum yakan yi aiki a Zariya ko Sakkwato ko Yamai, bayan shekara huɗu larura ta same shi a wani gari, likitan da ya tarar kuwa ba shi da hanyar gane irin dajin da aka yi fama da shi da maganin da aka riga aka sha sai ta waɗannan takardu.