Jikokina, Ku Riƙa Ɗaga Kai Sama

Jikokina, daren da aka tsayar da watan azumi na ji ɗayanku a ƙofar gida yana cewa, "Wannan jinjirin ai na kwana biyu ne, an ci mana azumi ɗaya." Maganar ta tsaya mini a rai, domin zargi ne ga bayin Allah da suka fita duban wata, da kwamitin da ke tantance shaidarsu kafin Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi sanarwa. Ku zauna mu yi magana.

Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro. Kullum rabinsa na cikin haske, rabinsa na cikin duhu. Abin da ke sauyawa shi ne inda yake tsakaninmu da rana. Ku shiga ɗaki ku rufe taga, ku kunna tocila a kan tebur, ɗayanku ya riƙe lemu a hannu ya miƙa shi gaba yana juyawa a hankali. In lemun na wajen tocila, bayansa mai duhu yake gani; haihuwar wata ke nan. Ya ɗan juya, sai siririn haske ya bayyana a gefe kamar yankan farce. In ya ba tocila baya ya ɗaga lemun sama da kansa, ga ɗan daren sha huɗu nan a hannunsa. Ba inuwar duniya ke cin wata ba, kamar yadda da yawa suke zato. Inuwar duniya sai ranar husufi, kuma ba kowane wata ake yinsa ba saboda hanyar watan ta karkace da kusan digiri 5.

Daga haihuwar wata zuwa haihuwar wani, kwana 29 ne da awa 12 da minti 44 a matsakaici. Wannan rabin kwanan shi ya sa wata ke yin 29 wani lokaci, wani lokaci 30, shekara ta kama kwana 354, azumi ya riƙa matsowa da kusan kwana 11. Ni na yi azumi a hunturu, na yi a bazara, na yi da damina ina noma.

To, ga amsar maganar ƙofar gida. Haihuwar wata ba ta jiran magariba. Tana iya faɗawa da hantsi ko da azahar. In an haife shi awa shida kafin faɗuwar rana, yana manne da rana, idon mutum ba zai kama shi ba, tare za su faɗi. Kashegari kuwa ya kai awa talatin, ya yi kauri, ya yi sama, ya daɗe bai faɗi ba. Ga ido kamar na kwana biyu, alhali daren ne na farko da za a iya ganinsa. Ku ƙara da hazo da ƙurar hunturu da hadarin damina, sai ku tausaya wa mai duba.

Mu da muka taso ba lantarki, wata ne agogonmu. Mun san kullum yana makara da kusan minti 50 wajen fitowa, shi ya sa farin wata ke cika dandali da wasa, bayan sha huɗu kuma a fara cin tuwo cikin duhu. Mun san a ƙasarmu jinjiri yakan kwanta kamar ƙwarya, da Zara a kusa da shi wasu lokuta. Fuska ɗaya yake nuna mana tun kaka da kakanni, domin juyawarsa a kan kansa da kewayensa ga duniya lokaci ɗaya suke ɗauka; sai a 1959 kumbon Tarayyar Sobiyet mai suna Luna 3 ya ɗauko hoton bayansa.

In wata ya sake tsayawa, ku ajiye waya bayan sallar magariba. Ku tsaya gindin darbejiyar nan, ku lura da inda yake bisa katanga. Gobe daidai lokacin ku dawo, za ku tarar ya matsa gabas fiye da faɗin dunƙulen hannu in an miƙa shi. Ku yi haka mako biyu, ina nan kan tabarmata, ku zo ku faɗa mini abin da kuka gani.