Amsar Tambaya: Yaya Zan Duba Man Birkin Babur?

Tambaya: Ina acaɓa tsakanin Guri da ƙauyukan fadama. Tun da damina ta sauka birkin gabana ya yi laushi. Laifin mai ne?

Amsa: Ɗan'uwa, fara duba irin birkinka. Yawancin Bajaj Boxer da ke yankin Haɗeja birkin waya ne, ba ruwansu da mai. Waya ce ta saki ko fata ta cinye. Mai faifai a ƙafar gaba shi ke shan mai.

In irinsa ne naka, tsayar da babur a wuri mai daidai, ka miƙe kansa. Kusa da hannun birki akwai ɗan akwati mai tagar gilashi. Kada man ya sauka ƙasa da layin da aka zana. Idan ya ragu, kada ka cika kawai ka tafi. Ko fata ta lashe, ko yana yoyo a wani wuri.

Abin da ya fi damuna game da ku mutanen fadama shi ne ruwa. Man birki yana zuƙar laima, kuma da ya sha sai ƙarfinsa ya ragu lokacin da birki ya ɗau zafi. Goge taɓo da ƙura kafin ka buɗe murfin, ka zuba lambar da ke rubuce a kansa, DOT 3 ko DOT 4, daga sabuwar kwalba. Man inji haramun ne a nan, yana lalata roba. A sauya man duk shekara 2, ko da zarar ya yi duhu.

In hannun birki yana nutsewa, mai yiwuwa iska ta shiga. Kai wa bakanike yau, kafin ka ɗauki fasinja.