Kyautar Da Hannu Ya Yi

Cikin darussan da a ke shirya mu don koya wa yara, babu wanda ya ke shan raini kamar aikin hannu. Waɗansu malamai sun ɗauke shi lokacin shan iska ne tsakanin lissafi da labarin ƙasa, sai su ce wa yara kowa ya kawo tsintsiya, a ba shi maki, shi ke nan. Yaro kuwa ya tafi kasuwa ya sayo. Nufinmu a nan mu bayyana ayyuka 3 waɗanda a ke iya yi a gida ko a makaranta da kayan da ke akwai a ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, watau faifai, da sabulu, da lalle. Kowane ɗayansu ya isa a ba iyaye ko amarya ko baƙo kyauta ba tare da jin kunya ba. Bayan wannan kuma akwai babban dalili, shi ne, abin da mutum ya haɗa da hannunsa ya san abin da ke cikinsa. In mun kai kan maganar lalle da kwalli za a ga wannan sani ba ƙaramin abu ba ne.

Waɗannan garuruwa suna arewacin Zazzau, kusa da iyakar Kano, ƙasa ce ta dawa da auduga da rake. A ƙarni na 19 saƙa da rini sun yi ƙarfi ƙwarai a wannan yanki, har Bature matafiyi Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya yi mamakin nisan wuraren da a ke kai tufafin da aka rina a ƙasar Hausa. A 1897 Jamusawa suka fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. A 1911 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta isa Kano, kayan ƙetare suka sami hanyar shiga ƙauyuka. Sannu a hankali karofi da yawa suka mutu. Daga baya roba da leda suka zo suka ture kwando da faifai. Abin da ya rage na wannan ilmi yawancinsa yana hannun tsofaffin mata a cikin gidaje. In malaman makaranta ba su karɓo shi sun miƙa wa yara ba, zai tafi tare da masu shi.

1. Faifai

Faifai shi ya fi dacewa a fara da shi, don ba ya bukatar wuta mai yawa, kayansa kuma ba su da tsada. Abubuwa 3 a ke nema: kaba, da busasshiyar ciyawa mai tsawo wadda za ta zama cikin faifan, da basilla. A tsattsage kabar sirara-sirara, faɗinsu ɗaya, don in wani ya fi wani faɗi ɗinkin ba zai tafi daidai ba. Kafin a fara aiki a jiƙa ta da ruwa ta yi laushi, gama busasshiyar kaba karyewa ta ke yi.

Sai rini. Ja daga karan dafi a ke samunsa, watau irin dawar nan da a ke shukawa don jan kubenta, wadda dukawa ke rina fata da ita. A daka kuben, a zuba cikin ruwan zafi da 'yar kanwa, a tsoma kabar a bar ta ta sha. Rawaya kuwa daga gangamau, shuɗi daga baba. Ya kamata a bar kaso ɗaya fari, don farin shi ke fito da kyan sauran. A shanya duka a inuwa.

Wajen ɗinki daga tsakiya a ke farawa. A ɗauki ciyawa kamar kaurin fensir, a naɗe bakinta da kaba, a lanƙwasa ta ta zama ɗan ƙaramin zobe. Daga nan a riƙa zagayawa, ana huda layin da ya gabata da basilla, ana cusa kaba, ana ja ta matse sabon layi jikin tsohon. Duk sa'ad da ciyawa ta fara sirancewa a ƙara wata, don kaurin ya tsaya yadda ya faro. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne jan kaba da ƙarfi a gefe ɗaya, sai faifai ya tashi kamar akushi. Maganinsa a riƙa ɗora shi a ƙasa bayan kowane zagaye, a duba ko ya kwanta.

Akwai lissafi a ɓoye cikin wannan aiki. Yarinyar da ke son tauraro mai ƙafa 6 tilas ta raba zagayen kashi 6 daidai, ta kuma lura kowane sabon layi ya fi na bayansa tsawo. Malami mai dabara sai ya koyar da da'ira da rabawa a nan, yara ba su ma san lissafi su ke yi ba.

2. Sabulu

Sabulun salo ba wani asiri gare shi ba, ruwan toka ne da mai. Cikin tokar tsiro akwai wani gishiri mai kaifi, ɗan'uwan kanwa. In ya gamu da mai a kan wuta sai su biyu su juye su zama abu na uku, wanda ke kama dauɗa da maiƙo ya tafi da su cikin ruwa. Bayan kaka kara ba ya wuya a gonakin Hunƙuyi ko na Paki, saboda haka rani shi ne lokacin wannan aiki.

A ƙone karan dawa ko na gero a wuri mai tsabta, a kwashe tokar ba tare da ƙasa ba. A sami tsohuwar tukunya a huhhuda gindinta, a shimfiɗa ciyawa a ciki, a cika da toka, a ɗora ta bisa wata tukunya. A zuba ruwa kaɗan kaɗan, ya riƙa tsiyaya. Ruwan da ya taru sai a dafa shi ya ƙone ya yi ƙarfi. Ga yadda a ke gwadawa: a ɗebo a bar shi ya huce, a saka sabon ƙwai a ciki. In ya nutse, da sauran dahuwa. In ya taso har ɗan bayansa ya bayyana, ruwan ya kai.

Sa'an nan a riƙa zuba man gyaɗa ko man kaɗe kaɗan kaɗan, ana juyawa da muciya bisa wuta marar ƙarfi. Zai yi kumfa ya taso, daga baya ya faɗa, ya yi kauri kamar talge, ya yi duhu. In ya huce a dunƙula, a ajiye shi 'yan makonni kafin a yi wanka da shi. Kadan ruwan toka ya yi yawa, sabulun zai ci fata. Kadan mai ya yi yawa, ba zai yi kumfa ba, kuma zai yi wari. Don haka a fara gwada ɗan kaɗan a bayan hannu kafin a kai wa kowa.

Amma fa a kula, ruwan toka mai ƙarfi yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa yana iya makantarwa. Wannan aikin manyan yara ne, malami na tsaye a kansu, da bokitin ruwan sanyi a kusa don wanke inda ya fallatsa. A yi shi da tukunyar ƙarfe ko ta ƙasa, don ruwan toka yana cin alminiyam.

3. Lalle

Ƙunshi aikin mata ne, amma malami namiji ma ya kamata ya san shi, tun da ya ke 'yammatan ajinsa za su zo masa da shi a hannu bayan kowace Salla da kowane biki. Ba mu kaɗai ke da wannan ado ba. Daga Maroko har Hindu ana yinsa, a 2024 ma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun 'yan Adam da ya kamata a kiyaye, bisa roƙon ƙasashen Larabawa.

A tsinko ganyen lalle a shanya a inuwa, a daka, a tankaɗe da lallausan ƙyalle. A kwaɓa garin da ruwa da lemon tsami, gama tsami shi ke taimakon ganyen ya saki rininsa. A narka 'yar mazarƙwaila a ciki, wadda ba ta wuya a ƙasar Maƙarfi, don ita ke sa kwaɓin ya manne wa fata, kada ya bushe ya zube da wuri. A rufe a ajiye shi sa'o'i kafin a sa. In an sa a bar shi kamar sa'a 4 zuwa 6. Dalilin da ya sa iyayenmu ke naɗe ƙafa da ganye, suna zura hannu cikin zunguru, ke nan, watau don lallen ya daɗe da danshi da ɗumi. In an kankare a shafa man kaɗe. Da fari za a gan shi ruwan goro, cikin kwana 2 sai ya nuna ya yi duhu. Tafin hannu da na ƙafa sun fi kama shi don fatarsu ta fi kauri. Yakan yi mako 2 ko 3 kafin ya goge.

To, ga wurin da mu ke roƙon masu karatu su natsu. Ganyen lalle ja ya ke bayarwa, ko ja mai duhu, ba ya yin baƙi wuluk. Baƙin zanen nan da ke kamawa cikin rabin sa'a yawancinsa da rinin gashi a ke haɗa shi, cikinsa kuwa akwai wani magani da masana ke kira PPD. Ga waɗansu mutane ba a ganin kome a ranar. Bayan 'yan kwanaki, wani lokaci har mako 2, sai wurin ya yi ƙaiƙayi, ya kumbura, ya yi ƙuraje masu ruwa daidai bisa sawun zanen, ya bar tabo. Wadda ya taɓa yi wa haka kuma jikinta ya riga ya ƙi maganin, ko bayan shekaru ta sake gamuwa da shi ciwon zai tashi, sau da yawa ya fi na farko. Amaryar da aka yi wa ado don kwana 7 ta kwashi tabon shekaru, ina ribar?

Ko lalle na gaskiya ma kada a ƙunsa wa jariri. Akwai yara da yawa a ƙasarmu, musamman maza, waɗanda aka haifa da wani rauni cikin ƙwayoyin jininsu, ba a gane shi da ido. Rinin lalle yana iya fasa ƙwayoyin jinin irin waɗannan jarirai, idonsu ya yi rawaya, su galabaita.

Abin Da Ba Za Mu Koyar Ba

Wani zai ce, ina kwalli? Ai shi ma a gida a ke niƙa shi. Mun bar shi da gangan. Dutsen nan mai ƙyalli da a ke niƙawa a zuba a tandu, yawancinsa dutsen dalma ne. Dalma kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro, tana rage masa fahimta, abin da ta ɓata kuma ba ya komawa. Yaro yakan murza ido ya kai hannu baki, ta nan ta ke shiga. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma cikin jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya. Da aka bincika sai aka tarar daga kwallin da a ke sa masa ne, aka auna kwallin aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ƙarfin wannan guba kuwa mun gan shi a Zamfara a 2010, sa'ad da ƙurar dutsen zinariya mai dalma da a ke niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Hanyar shigarta dabam ce, amma gubar ɗaya ce.

Wannan ya nuna mana ba kowane abin gida ne lafiyayye ba, ba kuma kowane na kanti ne mugu ba. Ma'auni ɗaya ne, mu san abin da ke ciki. Malami ba zai shiga gidan mutane ya ƙwace tandu ba, ba kuwa zai tsaya gaban aji ya zagi al'adar kakannin yara ba. Abin da ya kamace shi ya gaya wa yara dalili a fili, ya kuma yi magana da iyaye da liman da mai unguwa cikin ladabi, ya roƙa a ɗage wa jarirai da ƙananan yara. Rigakafi ya fi magani.

Shawara Ga Mai Fita Gwajin Koyarwa

Duk wanda aka tura Ikara, ko Gimi, ko Likoro, kada ya jira a aiko masa da kayan aiki daga ofis. Makon farko ya tambayi yara wace sana'a a ke yi a gidan kowa, ya rubuta. Sa'an nan ya nemi izinin babban malami a gayyato tsohuwa gwanar faifai ta zo ta nuna, a girmama ta kamar yadda a ke girmama kowane malami. Ƙananan yara a ba su sille da totuwa su ƙera motar kara da keji, matsakaita su yi faifai, manya su yi sabulu. Kada a karɓi abin da aka sayo, ko da ya fi kyau. A ba da maki bisa abin da aka yi a gaban malami. Ƙarshen zango kowane yaro ya ɗauki abin da ya yi ya kai wa wanda ya zaɓa a gida, ya kuma iya faɗin abin da aka haɗa shi da shi, ɗaya bayan ɗaya.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yarinyar da ta koyi tambayar abin da ke cikin kwaɓin lalle tun tana aji 4, ita ce uwar da za ta tambayi abin da ke cikin tandu kafin a kai shi idon ɗanta. Allah ya sa mu koyar da abin da zai amfani jama'a, amin.